Kowala da Malam-buɗe-littafi: Wane Ne Ya Cancanci Tausayinmu?

Duk wanda ya shiga lambunan bakin kogin Yedzaram a Mubi ya taɓa ganin wani malam-buɗe-littafi baƙi mai ɗigon rawaya yana kewaya itatuwan lemo. Masana suna kiransa Papilio demodocus. Tsutsarsa ganyen lemo take ci, kuma tana ƙarama kamar kashin tsuntsu take, domin ta tsira daga masu cinta. Idan mai lambu ya yi feshi ya kashe ta, ba mai tambaya.

Can a Ostareliya kuwa akwai kowala, dabba mai shayarwa da ke renon ɗanta cikin jakar cikinta, abincinta ganyen itacen turare. Da gobarar daji ta 2019 zuwa 2020 ta cinye mazauninta, duniya ta tara gudummawa, a 2022 kuma gwamnati ta sa ta cikin dabbobin da ke gab da ƙarewa a gabashin ƙasar.

Shin wannan bambanci adalci ne?

A tsarin rarrabe halittu, wanda Linnaeus ya aza harsashinsa ga dabbobi a 1758, dukansu dabbobi ne. Daga nan hanya ta rabu: kowala tana da ƙashin baya, shi kuwa ƙwaro ne mai ƙafa shida. Danginsa sun haura iri 500, amma kowala ita kaɗai ta rage a zuriyarta. In ta ƙare, gida guda ya mutu. Wannan hujja ce mai ƙarfi ta gaggauta ceto ta.

Sai dai mu faɗi gaskiya: yawancinmu fuskarta mai kama da ta jariri ce ta taɓa mana zuciya. Tausayin da ke bin kyan fuska son kai ne, kuma wanda ya saba da shi ga dabbobi zai yi wa mutane haka. Rarrabewa tana nuna dangantaka ne, ba ta raba daraja. Littafin Farawa ma ya nuna cewa Adamu, wanda ya raɗa wa dabbobi suna, shi aka danƙa wa kiwon gonar.

Akwai abin da zai iya kashe su duka biyun: rasa itacen da suke ci. Kowala ta yi mana nisa, amma ashana da maganin feshi suna hannunmu. Kafin mu cinna wa daji wuta a ranin bana, mu zauna da 'ya'yanmu mu tambayi kanmu: su wa ke zaune a cikinsa?