Gogamasu da makeron yara

Da damina ta kankama a Barkiya, gogamasu na cikin ciyayin da manomi ke nomewa ya yar a bakin kunya. Amma idan uwa ta ga farin zagaye ya fito wa ɗanta a kumatu, gogamasun za ta aika a tsinko mata, ta murje ganyen ta goga a wurin. Sau da yawa tabon ya baje. Wani lokacin kuma ruwan ganyen ya ƙone fatar, ya bar shaidar da ta fi makeron daɗewa. Ganyen bai canza ba. Yawan da aka goga ne ba wanda ya auna, kuma fatar jinjiri ba ta ɗaukar abin da ta babba ke ɗauka.

Awon nan shi ne aikin masu harhaɗa magunguna. Za su shanya ganye a inuwa, su daka, su jiƙa, su tace, sannan su cuɗa abin da ya fito da man shafawa, kashi kaza cikin ɗari. Ɗaliban kimiyya a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, suna koyon gwajin farko: a shuka ƙwayar cuta a ɗan faranti, a ɗiga maganin a tsakiya, a auna faɗin filin da ƙwayar ta kasa tsirowa da milimita. Ƙwayar maruru kwana guda ta ishe ta a zafin digiri 37. Ta makero naman gwari ce, sai an jira ta kwanaki. Bayan haka a shafa kaɗan a fata a ga ko zai yi kumburi, a kuma ajiye kwalbar a ga yadda za ta jure. Man kaɗanya narkewa yake yi a zafin bazarar Katsina, wanda aka haɗa da ruwa kuma yana iya yin fumfuna tun kafin a sayar.

Sai dai faranti ba kan yaro ba ne. Makeron da ya kama kai, wanda askar wanzami da matajin aro ke yaɗawa, cikin silin gashi yake shigewa, inda man shafawa ba ya kaiwa, na ganye ne ko na kanti. Shi ya sa tun 1958 likitoci ke ba da griseofulvin na sha, a yi makonni ana sha. Ƙazuwa kuwa wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne ke haƙa rami a fata. In ba a yi wa mutanen gida duka magani an wanke shimfiɗa ba, tana nan dawowa.

Na kanti ma kada a ba shi gaskiyar da ba tasa ba. Mayukan nan na kemis da ake ce musu "mai maganin komai" da yawansu akwai sinadarin steroid a ciki. Kwana biyu ƙaiƙayi ya kwanta, jan ya dushe, cutar kuwa tana ta yaɗo a ƙarƙashi. A Indiya, inda aka daɗe ana shafa irinsu barkatai, wani makero mai taurin kai ya ɓulla, har masana suka raɗa masa suna na kansa a 2020. Don haka "ai ya yi mini aiki" da muke ji a kasuwar Dutsin-Ma shaida ce ta lafawar ƙaiƙayi kawai.

Lambar NAFDAC fa? Wannan hukumar kula da abinci da magunguna, wadda aka kafa a 1993, tana ba maganin gargajiya lamba ta wucin gadi ne in ta gamsu ba ya cutarwa. Batun ko yana warkarwa sai an gwada shi a kan majinyata a asibiti, kuma doka ta ce a rubuta a jikin kwalba cewa hukumar ba ta tantance ikirarin mai maganin ba. Da Turanci ake rubuta wannan gargaɗi, mai talla da lasifika kuwa lambar kaɗai yake karanta wa jama'a.