Ka Bi Takun Ƙaramin Cikinsu

Karatun yau: Farawa 33:12-14

Ranar da aka damƙa maka yaran ikkilisiya ka kai su yawon daji, ko 'yan Royal Rangers ne ko 'yan makarantar Lahadi, wa zai yanke saurin tafiyar? Ba kai ba ne, ba kuma ƙaton yaron da ke gaba ba. Mafi ƙanƙanta a cikinsu shi ne ma'auni.

Yakubu ya san haka. Da Isuwa ya nemi su kama hanya tare, sai Yakubu ya roƙe shi ya wuce gaba, domin yaransa ba su yi ƙwari ba, garkensa kuma cike yake da masu shayarwa. Ya gwammace ya makara da ya rasa ko ɗaya a hanya.

Kai ma ka yi haka. Ku fita da sanyin safiya, bayan iyaye sun san inda za ku. Babba ɗaya a gaba, wani a baya. Kowane yaro da gorar ruwansa da rufaffen takalmi. Ka gargaɗe su kada su sa hannu a ƙarƙashin dutse, saboda kunama da maciji. Ka ƙirga su kafin tashi, ka sake ƙirgawa a kowane hutu.

Mai tafiya a hankali shi ke gani. Ka tsaya su kalli jerin tururuwa, wadda Karin Magana 6:6 ta tura rago ya koyi darasi a wurinta. Ka nuna musu gawo, wanda ke zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani. Ka faɗa musu cewa Allah da ya tsara wa gawo lokacinsa bai manta da nasu ba.

Yanzu ka dubi gidanka. Akwai yaron da kake yi wa tsawa domin bai kai 'yan'uwansa ba? Akwai sabon tuba da aka bari a baya? Yesu Makiyayi Nagari bai bar ka ba lokacin da kake ɗingishi. Haleluya!

Addu'a: Ya Uba, ka cika ni da Ruhu Mai Tsarki, ka ba ni haƙurin makiyayi, kada ɗaya daga cikin yaran da ka ba ni ya ɓace. Cikin sunan Yesu, Amin.