Aikin Wa Ne Kujerar da Inji Ya Sassaƙa?

Injin sassaƙa mai bin umarnin kwamfuta, wanda masu sana'a ke kira CNC, kaifin ƙarfe ne mai juyawa da ke tafiya ta fuska uku: tsawo, faɗi da zurfi. Tushensa aikin John Parsons ne a Amurka a ƙarshen shekarun 1940, kuma a 1952 jami'ar MIT ta nuna injin da ke karanta umarni daga takarda mai huji-huji. Yau kafinta na iya harhaɗa nasa da ƙananan motocin lantarki da allon sarrafawa na Arduino. Daga nan wata tsohuwar tambaya ke tasowa: idan inji ne ya yanka katakon, ina gwanintar mutum ta shiga?

David Pye, farfesan zanen kayan ɗaki a Landan, ya raba aiki gida biyu a littafinsa na 1968. Akwai aikin kasada, inda sakamakon ke rataye a hannun mai yi har zuwa sara na ƙarshe. Hannu ya goce sau ɗaya, katako ya lalace. Akwai kuma aikin tabbas, wanda an gama ƙaddara sakamakonsa tun kafin a fara. A kallon farko, CNC na cikin kashi na biyu.

Sai dai wanda ya ƙera injinsa da kansa bai kuɓuta daga kasada ba. Ta dai riga shi zuwa gaba, tana jiransa tun a matakin tsarawa. Gadar da ke ɗauke da kaifin, idan ba ta da ƙarfi, za ta lanƙwashe yayin yanka, gefen katakon ya fito da tabon karkarwa. Idan layin tsawo da na faɗi ba su haɗu a kusurwa daidai ba, kowace ƙofar kabad za ta fito a karkace, duka iri ɗaya. Ƙananan motocin da ke tafiyar da injin galibi taki 200 suke yi kafin su cika zagaye guda, amma wannan ƙididdiga ba ta da amfani muddin notin da ke tura kaifin yana lako-lako a kan sandarsa. Inji na maimaita kuskuren maƙerinsa da amincin da yake maimaita daidaitonsa, don haka alhakin aikin, da yabonsa, na mutumin ne.

Duk da haka akwai abin da aka rasa, kuma bai kamata a raina shi ba. Masassaƙi yana jin katako a tafin hannunsa. Ya iske gaɓa mai tauri, sai ya sassauta, ya sauya gefen da yake sara. Inji ba ya jin komai, zai kutsa cikin gaɓar da saurin da aka ba shi ko da katakon zai tsage. Shi ya sa dole mai CNC ya juya falankin, ya duba kwanciyar jijiyarsa, ya zaɓi saurin yanka da zurfinsa tun kafin ya ɗaure shi a kan tebur, domin da zarar kaifin ya fara tafiya, abin da ya rage masa kawai shi ne daidaita gudunsa ko danna maɓallin tsayarwa.