Dambe, Kokawa da Tambayar Halacci a Gabashin Kano

A ƙasar Gaya da Ajingi, inda garin Toranke yake, wasannin ƙarfi sun daɗe suna bin sawun noma, domin sai kaka ta yi, gero da dawa sun shiga rumbu, sannan samari ke samun sukunin haɗuwa a dandali. Kokawa ta manoma ce, dambe kuwa asalinsa na rundawa ne, wato mahauta, shi ya sa kalangu, kiɗan sana'arsu, ya zama kiɗan fagen. Malaman fiƙihu ma sun raba wasannin biyu, ko da yake ta wata hanya dabam suka bi.

Kokawa ba ta sha wuya a hannunsu ba, saboda an ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi kokawa da Rukana har ya kayar da shi, kuma manufarta ita ce kai abokin karawa ƙasa ba tare da an ji masa ciwo ba. Dambe kuwa ya ci karo da hadisin da ya hana dukan fuska, kuma majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta haramta damben zamani a 1987. Ɗan damben gargajiya yakan naɗe hannu ɗaya da tsumma da zare har ya yi tauri, ana ce wa wannan hannu mashi, ɗayan kuma garkuwa, sannan idan gwiwa ko hannun abokin karawa ya taɓa ƙasa sai a ce an kashe shi, abin da ke nuna cewa daga fagen yaƙi wasan ya aro harshensa. Layu da gurayen da ake ɗaurawa a damtse sun ƙara dagula lamarin, domin sun taɓa tawakkali, wato dogaron bawa ga Allah shi kaɗai.

Duk da haka haramcin bai raba jama'a da damben ba, kuma dalilin ya fi ƙarfin son kallo. A fage ne mahauci, wanda al'ada ta ajiye a ƙasan tsanin daraja, yake samun suna da kirari, kamar yadda waƙoƙin Ɗan Anace suka kai sunan ɗan dambe Shago ko'ina a ƙasar Hausa. Irin wannan ne ya faru a Amurka, inda dambe ya ba Muhammad Ali, baƙar fata da ya bayyana Musuluncinsa a 1964, muryar da ya ƙi shiga aikin soja da ita a 1967.

Abin mamaki shi ne ƙwallon ƙafa, wadda ba a dukan fuska a cikinta, ta wuce ba tare da irin wannan tuhuma ba, alhali ita ce ta fi kusa da asabiyya, wato goyon bayan ɓangare ido rufe, wadda Musulunci ya yi kakkausar suka a kanta. 'Yan damben Kudu da Arewa da Guramada sukan gama turmi uku su gaisa, kowa ya kama gabansa, amma a gidan kallon ƙwallo, inda janareto ke ruri ana kiran sallar magariba, 'yan unguwa ɗaya sukan kwana ba sa ga maciji da juna saboda Arsenal da Manchester United, ƙungiyoyin da ba su san da zaman Toranke a duniya ba.