Nauyin Ran da Ba a Ceto Ba

Aikin ceto, na 'yan kwana-kwana ne ko na ma'aikatan motar asibiti ko na masu ninƙaya da ake kira idan kwale-kwale ya kife, yana cikin abin da malaman fiƙihu ke kira fardu kifaya. Wajibi ne a kan al'umma baki ɗaya. Idan wasu suka tsaya da shi ya sauka daga kan saura, idan kowa ya bari kowa ya yi laifi. Malamai sun ce wanda ya ga mutum yana nutsewa, kuma zai iya tsamo shi, ya yanke sallarsa, ya karya azuminsa idan sai da haka ceton zai yiwu. Aya ta 32 ta Suratul Ma'ida ta daidaita raya rai guda da raya mutane duka.

Lamarin yana tsananta ne idan rayukan suka fi hannuwan yawa. Tirela ta yi taho-mu-gama da bas, mutum goma kwance a bakin titi, ma'aikata biyu ne kawai, motar asibiti kuma ɗaya. Wa za a fara ɗauka? Dominique Jean Larrey, likitan sojojin Napoleon na Faransa, ya kafa ƙa'idar duba tsananin rauni ba tare da la'akari da muƙami ba. A yau ana yi wa waɗanda suka jikkata alama da launi: ja ga wanda ba zai iya jira ba, ruwan ɗorawa ga mai iya jira kaɗan, kore ga mai tafiya da ƙafarsa, baƙi ga wanda ya cika ko ba a sa ran zai tashi. Ƙa'ida ce ta adalci, kuma ta dace da ƙa'idar fiƙihu ta zaɓar mafi sauƙin cuta guda biyu. Sai dai mutum ne ke ɗaura baƙar alamar da hannunsa, ya tsallake ya wuce, alhali uwar yaron da ya ɗaura wa tana riƙe masa riga.

Abin da ke biyo baya masu bincike sun daɗe suna nazarinsa. A 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka shigar da ciwon firgici na bayan bala'i cikin jerin cututtukansu. Daga baya Jonathan Shay, likitan da ya kula da tsoffin sojojin yaƙin Biyetnam, ya bayyana wani rauni na daban, wanda za a iya kira raunin lamiri: ciwon da ke kama mutum idan an saɓa wa abin da ya yi imani shi ne daidai. Yanzu ana bincikensa a tsakanin masu aikin agaji. Mai irin wannan ciwo yakan kwana yana lissafin mintuna, yana cewa da ya iso da wuri da ba haka ba.

Imani da ƙaddara yana da magani a nan. An ɗora wa bawa ƙoƙari, ajali kuwa na Allah ne, kuma ƙarshen Suratul Baƙara ya nuna ba a kallafa wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Ma'aikacin da ya yi iyakar yinsa ba shi da alhakin wanda ya rasu a hannunsa, kuma yana buƙatar ya ji haka daga bakin malami da na shugabansa.

Amma wannan lallashin haƙƙin ma'aikaci ne, hukuma ba ta da damar fakewa da shi. Motar kashe gobara da ta iso babu ruwa, ko ma'aikacin da aka tura cikin hayaƙi babu abin rufe hanci, sakaci ne kafin a kira shi ƙaddara. Annabi (SAW) ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi kafin ya yi tawakkali. Haɗarin aikin ma ba ƙarami ba ne: 'yan kwana-kwana 343 suka mutu a New York ranar 11 ga Satumba 2001, kuma a 2022 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya aikin kashe gobara cikin abubuwan da ke haddasa ciwon daji.

Tunda wajibin na kowa ne, 'yan kaɗan kuma suka ɗauke wa saura, kayan aikinsu da albashinsu da hutunsu da likitan da zai saurare su bashi ne a kan al'umma. Al'ummar da ta ƙi biyan wannan bashi, farillar ba ta sauka daga kanta ba.