Faɗin bakin mazurari ba ya ƙara wuyan kwalba

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai sayar da man gyaɗa ya ga yadda ake ɗura shi a kwalba. Komai faɗin bakin mazurari, abin da wuyan kwalbar zai iya haɗiyewa ne kawai ke wucewa. In aka yi gaggawa, sai man ya taru a sama ya tumbatsa.

Haka titunan Kano suke. Daga zangon mulkin Kwankwaso na biyu zuwa na Ganduje, an gina gadar sama a Ƙofar Nassarawa, an yi ta Sabon Gari, da ta Dangi, da ta Hotoro. Sun ƙawata gari, ba mai musu. Amma direba ya san yadda abin yake: ya hau gada a guje, ya sauko ya tarar da cunkoson da ya tsallake yana jiransa a gaba, domin hanyar shiga Kantin Kwari da kasuwar Sabon Gari tana nan yadda take.

Ba mu kaɗai ba ne. A birnin Hustan na Amurka, a 2008 aka kammala faɗaɗa babbar hanyar Katy, har ta kai layi 26 a wasu wurare in an haɗa da na gefe. Ba a yi shekaru da yawa ba, zuwa aiki da safe ya koma ɗaukar lokaci fiye da yadda yake bayan buɗe ta. Dalilin a fili yake. Sabon titi gayyata ne: wanda a da yake gudun hanyar, ko yake barin motarsa a gida, yanzu sai ya fito.

Ka tsaya a danja wata rana ka ƙirga kawuna, ba motoci ba. Za ka ga jif mai cin mutum bakwai ɗauke da maigida shi kaɗai da wayarsa. Adaidaita sahu fasinja uku take ɗauka a baya, ke nan sai an jera 20 kafin su kwashi mutum 60 da babbar bas guda za ta ɗauka. Ba laifin 'yan adaidaita ba ne. Da aka hana acaɓa a Janairun 2013, su suka cike gurbin, tun da babu wadatattun bas da talaka zai dogara da su.

Sai dai bas ɗin da za ta maƙale a cunkoso tare da kowa ba ta warkar da komai. Abin da Bogota, babban birnin Kolombiya, ta yi a 2000 shi ne ware wa bas layinta na kanta, wanda ƙaramar mota ba ta taka shi. Legas ta bi sahu a 2008, daga Mile 12 zuwa CMS. Ranar da mai mota ya ga bas ta wuce shi fuu yana zaune yana gumi, ranar zai fara tunani.

Ga kuma keke. Kano shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, kuma a kan Rali iyayenmu suka je ofis da makaranta ba tare da jin kunya ba. Yau an mai da shi alamar rashi, ga tsoron a buge mutum. Shafa fenti a gefen kwalta ba zai wadatar ba, kafin mako masu kasa kaya da masu ajiye mota sun mamaye wurin. Sai an yi shinge na kankare, an kuma dasa darbejiya saboda rana.

Don haka in ɗan takara ya zo unguwarku da alkawarin sabuwar gada, ku tambaye shi bas nawa kuɗin za su saya, kuma a wane layi za su bi.