Yaron da ke Gabanmu da Wanda Ba a Haifa Ba

Duk wanda ya taɓa kwana zaune da yaro jikinsa zau da zazzaɓi ya san yadda zuciya ke matsawa a yi wani abu, ko ma mene ne. Gari ya waye mu je asibiti, likita ya ce mura ce, a ba shi farasitamol da ruwa. Sai mu ji kamar an sallame mu hannu rabbana. Mu biya ta kemis mu sayi amoksilin.

Amma yawancin mura da tarin yara bairos ne ke kawo su, antibayotik kuwa bakteriya kaɗai yake kashewa. Duk shan da aka yi ba dalili, ƙwayoyin cuta masu rauni ne ke mutuwa, masu taurin kai su hayayyafa. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi gargaɗin bijirewarsu tun 1945.

A Holan, idan yaro ya zo da ciwon kunne mai sauƙi, likita yakan ba da maganin raɗaɗi ya ce a jira kwana biyu ko uku. A Girka da Italiya an fi saurin rubuta antibayotik, Faransa kuma sai da ta yi gangamin wayar da kai a 2002. Kunnen yaro ɗaya ne a ko'ina. Al'ada da yarda ne suka bambanta.

To sai mu ce kowa ya yi koyi da Holan? A nan maganar ta yi nauyi. Jira na mai asibiti kusa ne. Binciken da aka wallafa a 2018 ya nuna raba wa yara azitromaisin sau biyu a shekara ya rage mutuwarsu da kashi 18 cikin ɗari a Nijar, ko da yake bijirewar ƙwayoyin cuta ta ƙaru. Wa zai kalli uwa a ƙauye ya ce ta haƙura domin jaririn da za a haifa nan gaba? Amma kuma a 2019 bijirewar ta kashe kimanin mutum miliyan 1.27, kuma a Afirka ta Yamma abin ya fi muni.

Mu masu rubuta manhaja muna kiran gyaran gaggawa bashi, domin wanda ya gaje mu shi zai biya. Cin bashi don ceton rai ba laifi ba ne. Laifin shi ne mu ci shi don kwantar da hankalinmu kawai, mu bar wa 'ya'yan wasu biya.

Saboda haka idan likita ya ce mu jira, mu tambaye shi alamun da za su sa mu dawo da gaggawa. Shi kuma ya yi mana bayanin da ya fi takardar magani ɗaukar lokaci. Rijiya ɗaya muke sha da yaran da ba su zo ba tukuna.